Hutun damina a Garwa: yadda nake shirya rumbu, tukunya da hannun yara

Daga ranar da yara suka dawo da takardar sakamako, tukunyar gidanmu ke canza girma. Yaron da a da yake fita da kunu a ciki sai azahar a gan shi, yanzu yana tsakar gida tun safe, kuma kowane motsi ya yi sai ya leƙa madafa. A nan Kamaru dogon hutu yana kamawa daga Yuni, masu rubuta jarrabawar CEP ta gama firamare da BEPC da BAC na sakandare su ɗan daɗe, a koma a farkon Satumba. Kusan wata 3 ke nan. Abin da ya sa nake ɗaukar hutun nan da muhimmanci shi ne lokacin da yake faɗowa. Hatsin bara ya ja baya a rumbu, na bana yana gona bai nuna ba, masakwa, dawar rani da aka girbe a Janairu da Fabrairu, ta shige hannun 'yan kasuwa, itace ya jiƙe, sauro ya fito. A ƙarshensa kuma kuɗin makaranta na tsaye a bakin ƙofa. Matar da ta bari sai marka ta sauka kafin ta fara tunani, ita ce za ki gani a Agusta tana auna masara da gwangwani a farashin da bai kamata ba. Na taɓa zama ita, shi ya sa nake rubuta wannan.

Mataki na farko: zama da maigida, da takarda da biro

Kafin a sayi ko ƙwaya ɗaya, a ƙirga bakuna. Su wa za su yi hutun a gida, su wa za su tafi wurin kaka, 'ya'yan wa za a turo mana. Kada a ji nauyin tambaya. Kiran waya ne kawai: "Yaya, bana za ki turo mana yaran ne? Su nawa?" Baƙo rahama ne, amma wanda aka san da zuwansa ya fi samun shimfiɗa.

Daga nan ki auna abin da gidanki ke ci a rana ɗaya idan kowa na nan, ki ninka sau 90. Gidan da ke tuƙa kwano 1 a rana yana buƙatar kwano 90 na masara ko dawa. Ba lallai a saye shi duka a tashi ɗaya ba, amma sanin adadin shi ke hana mutum yaudarar kansa. A takardar nan dai a rubuta abin da Satumba za ta nema: kayan makaranta, takalma, littattafai, kuɗin ƙungiyar iyaye, kuɗin rajista na masu sakandare. A raba shi gida 3, a san abin da za a ware kowane wata. In kina adashi, ki roƙi uwar adashi ta sa kwasarki a ƙarshen Agusta. Wannan roƙon a Mayu ake yinsa, don ba ke kaɗai ke son wannan kwasar ba.

Mataki na biyu: a ci moriyar rana tun tana nan

Wannan shi ne zuciyar shirin, kuma shi ne wanda ba ya jira. A Garwa ruwa na fara sauka tun Mayu, amma tsakanin ruwa da ruwa ana samun rana mai ƙuna har cikin Yuni. Mutanen Marwa sun fi mu sarari, daminarsu na makara. Idan Agusta ta shiga, tsumma ma sai ya kwana biyu a igiya.

Fara da wake, domin shi ƙwari suka fi so. Ki sami fili a tsakar gida inda rana ke duka sosai. Ki shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko tsohon buhu don sanyin ƙasa kada ya sha zafin, ki ɗora baƙar leda mai faɗi, ki baza waken a kai siriri, kada ya yi tudu. Ki rufe da farar leda mai nuna ciki, ki naɗe bakunan biyun tare, ki danne da duwatsu. Ki bar shi awa 2 a tsakiyar rana. Zafin da ke taruwa a ciki yana kashe ƙwaron da ƙwansa da tsutsar da ke cikin ƙwayar. Wannan dabara, da ta buhu mai ruɓi uku da ake kira PICS, a nan arewacin Kamaru aka fara gwada su, a aikin da masu binciken noma na Marwa suka yi tare da jami'ar Purdue ta Amurka. Abin gida ne, bai kamata a ce wasu ƙasashe sun fi mu amfani da shi ba.

Idan ya huce, ki zuba a jarkoki masu tsabta da suka bushe ƙayau, ki cika har wuya, ki sa leda a baki ki murɗa murfin. Rashin iska ne maganin. Na fi son ƙananan jarkoki masu lita 5 a kan babba ɗaya, don wadda aka buɗe kawai iska ke shiga. Iyayenmu da toka suke yi: a tankaɗe ta, a gauraya awo ɗaya na toka da awo ɗaya na wake, a rufe saman da wata tokar. Yana aiki har gobe, sai dai wanki kafin dahuwa. Abin da nake roƙon kowace uwa ta bari shi ne jefa ƙwayar maganin ƙwari cikin buhu a ajiye a ɗakin da yara ke kwana. Iskar da ke fita daga cikinta guba ce ga mutum kamar yadda take ga ƙwaro.

Sai kayan miya. Kuɓewa a yanka sirara a shanya. Tumatir a tsaga a barbaɗa ɗan gishiri. Barkono da tattasai su bushe har su yi ƙara a hannu. Kuka da karkashi da lalo a inuwa ake shanya su in ana son launinsu ya tsaya kore, sannan a daka a tankaɗe. Albasa ba ta son damina, don haka ki yanka rabin abin da kika saya ki busar, sauran ki baza a kan gado na kara inda iska ke ratsawa, kada ki bar ta a buhu. Bandar kifin tafkin Lagdo ki sake kanga ta a wuta sama-sama, ta huce, sannan ki rufe. Kowane mako biyu ki buɗe ki duba. Daddawa a ƙara mata rana guda.

Shekarar da na yi sakaci, na daka kuka kwano guda da yamma, hadari ya taso, na juye ta a bokiti da sauran ɗumi na rufe. Bayan mako uku na buɗe, wari ya buge ni, saman ya yi fari kamar an yafa auduga. Duka na zubar, ina zubarwa ina jin zafin kuɗin da na wahalar. Tun daga ranar komai sai ya huce sarai kafin in rufe shi, kuma kwalba ko roba mai murfi nake sa wa, ba leda ba.

Buhunan hatsi kada su taɓa ƙasa ko bango. Bulo huɗu da katako sun isa. Haka itace da gawayi: a ɗaga su, a rufe sama, a bar gefe iska na shiga. Kullum da dare ki ɗebi itacen gobe ki ajiye kusa da murhu, ɗumin toka zai ƙarasa busar da shi. In akwai mai zuwa kasuwar Pitowa ranar Lahadi, ko babbar kasuwar Marwa ranar Litinin, ku haɗa kuɗi ku uku ko huɗu a sayo buhu a raba. Awon kwano-kwano a cikin unguwa shi ke cinye kuɗi ba a sani ba.

Mataki na uku: tukunyar damina

Allah da ikonsa, lokacin da hatsi ke tsada shi ne lokacin da ganye ke fitowa kyauta. Tafasa, wadda maƙwabtanmu Fulani ke kira tasba, tana tsirowa a kowane kango. Yakuwa, folere a bakin mutanen nan, ko a tsohon bokiti kika watsa irinta za ta ba ki miya. Ga zogale, ga rama, ga alayyafo. Ki ba kowane yaro bokiti ɗaya da ya fashe, a huda ƙasansa, a cika da ƙasa da taki, ya shuka abin da yake so. Cikin 'yan makonni za a fara tsinka.

Miyar da ke riƙe gidana a damina ita ce yakuwa da gyaɗa. Ki tsinke ganyen ki wanke, ki tafasa shi daban na ɗan lokaci ki zubar da ruwan farko in tsamin ya yi miki yawa. Wasu ɗan ruwan kanwa suke ɗigawa. A wata tukunya ki soya albasa da ɗan mai, ki zuba tumatir da daddawa da barkono, ki sa ruwa da bandar kifi da kika gyara kika cire ƙaya. In ya tafasa, ki dama niƙaƙƙiyar gyaɗa cokali 3 ko 4 da ruwan ɗumi ki zuba, ki rage wuta. Kada ki sa ganyen sai kin ga mai ya taso saman gyaɗar, alamar ta nuna ke nan. Gyaɗar da ba ta nuna ba ita ke ɓata wa yara ciki. Sannan ganye ya shiga, minti 10, a sauke. Da tuwon masara ko na dawa, ba mai tambayar nama.

Da safe kunun gyaɗa da tsamiya da 'yar shinkafa a ciki, ko ɗumamen tuwon jiya. Da rana, lokacin da yara suka fi damun mutum, abinci mai nauyi da arha ake so: ɗanwake, dambu da zogale, kwaɗon tafasa da ƙuli-ƙuli, wake da shinkafa da mai da yaji. Garin ɗanwake ki haɗa shi da yawa tun yanzu, wake da rogo da kuka a niƙa tare, ranar da aka ɗauke wuta injin unguwa ya tsaya ba ruwanki. A makon da nake ganin kuɗi ya ja baya, wake nake ƙarawa in rage shinkafa.

Kuma a sa yara a madafa, maza da mata. Ɗan shekara 6 zai iya tsinke zogale. 'Yar shekara 10 za ta iya dama kunu in kina kusa. Babban ɗana da farko cewa ya yi, "Inna, abokaina za su yi mini dariya." Na ce masa ranar da zai tafi karatu Ngaundere ko Yawunde abokan ba za su dafa masa ba. Yanzu shi ke jefa ɗanwake ranar Juma'a, kuma nasa ya fi nawa laushi. Wuta da tafasasshen mai da wuƙa mai kaifi dai suna hannun babba.

Mataki na huɗu: sana'ar hutu

A ganina kowane gida ya kamata ya zaɓi sana'a ɗaya da zai yi tare a hutun, wadda kuɗinta zai tafi asusun Satumba. Tamu ƙuli-ƙuli ce, abaakuru inji Fulani, saboda riba biyu gare ta: ga abin sayarwa, ga man girki.

Ana farawa da tsinta, kuma nan yara ke da amfani. A zube gyaɗa kwano 2 a tabarma, a cire duk wadda ta yi baƙi, ta yanƙwane ko ta yi fumfuna. Kada a ce asara ce. Gyaɗa mai fumfuna tana ɗauke da guba mai cin hanta, kuma suya ba ta kashe ta. Sai a soya a kasko da yashi mai tsabta, ana juyawa ba tsayawa, har ɓawon ya fara saki in an murza, cikin ya yi ruwan zuma. In ta ƙone man zai yi ɗaci, in ba ta soyu ba man ba zai fito ba. A bar ta ta huce, a murje, a bushe ɓawon a faifai, a kai inji a niƙa ta yi laushi.

Wurin fitar da mai ne ake gane gwana. Ki juye a turmi, ki tanadi ruwan zafi a gefe. Ki zuba kaɗan, kamar rabin kofin shayi, ki juya da taɓarya ko muciya. Za ki ga ta fara kauri tana duhu. Ki ƙara kaɗan, ki ci gaba da juyawa. Can za ta haɗe ta zama dunƙule, mai ya fara kwanciya a gefe yana ƙyalli. Daga nan ki tsaya da ruwa. Masu gaggawa suna antaya ruwa a tashi ɗaya, sai ta zama kunu, mai ya ƙi fita, a rasa tudun dafawa. Ki kwashe man da ludayi, ki matse tunkuzar da hannu a kan akushi ko faranti da aka karkata. Ki sa gishiri da ɗan yaji, ko sukari ga masu so, sannan a kira yara su mulmula: zobe, sanda, ƙwallo, kowa da nasa. A soya cikin man da aka fitar, wuta kaɗan-kaɗan, har ya yi ƙarfi. Yana soyuwa yana ƙara sakin mai. In ya huce a rufe a bokiti mai murfi, in ba haka ba danshin damina zai sa ya yi taushi kwana ɗaya.

Batun sayarwa, ra'ayina ba ya canzawa: ba na ɗora wa 'yata talla ta shiga tasha ko kasuwa. Na san halin da ke sa wasu iyaye yin haka, ba na zagin kowa. Amma akwai hanyar da ta fi: a ajiye kwalba a ƙofar gida, a kai wa mai shagon unguwa ya sayar a ba shi nasa, a gaya wa masu kwaɗo da masu suya. Abin da aka samu, a cire kuɗin gyaɗa da na niƙa, sauran a jefa a asusu a gaban yaran. Su ga shigarsa da idonsu.

Ranakun da ruwa ya tsare kowa a ɗaki kuwa, aikin hannu ne. Wanda na fi so shi ne ɗinka littafin rubutu. A tattaro littattafan bara, a yanke duk shafin da ba a rubuta ba, a jera su 40 ko 50, a daidaita baki. A huda wuri 4 a gefe da basilla, a ɗinke da zare mai ƙarfi, a yanko kwali a yi bango, a manna ƙyallen atamfa a kai. Na aikin gida da na lissafi sun samu ke nan, ba a kashe ko dala ba. Ƙyallayen kuwa tela na unguwa zai ba ki in kin tambaya. Da su ake yin jakar makaranta: buhun shinkafa a ciki don ƙarfi da tare ruwa, atamfa a waje, hannu mai ruɓi biyu.

In akwai tsohuwa a gida ko a maƙwabta da ta iya saƙar faifai, ki kai mata yaran da goro ko sabulu, ki ce, "Goggo, ga jikokinki, a koya musu." Za ta jiƙa kaba ta yi laushi, ta tsaga, ta nuna musu yadda ake naɗa tsakiya a bi da basilla zagaye bayan zagaye. Faifan farko zai karkace, a bar shi a rufe tulu da shi. Ni abin da nake so a zaman nan har da hirar da ake yi a cikinsa, don a bakin Goggo 'yata ta fara jin sunayen kakanninta da garin da suka taso kafin su sauka a bakin Binuwai.

Duk wannan ba ya hana allo da Islamiyya da safe, ba ya hana zuwa gona ga masu gona, kuma a bar musu la'asar su buga ƙwallo. Rabin awa na karatun boko bayan magariba ya isa ya hana faransanci gudu daga bakinsu.

Mataki na biyar: sauro, ruwa da tafiya

A fito da gidan sauro tun kafin ruwa ya zauna, a duba huji a ɗinke, kowace shimfiɗa da nata, har ta baƙi. A kife gwangwani da tsohuwar taya da duk abin da ke tara ruwa. Tun 2016 ake raba wa yara 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5 maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro a jihar Arewa da ta Arewa Mai Nisa, gida-gida, sau ɗaya a wata a tsawon damina. Na kwana 3 ne: na farko a gaban ma'aikacin lafiya, na biyu da na uku a hannun uwa. Nan ake yawan sakaci. Ki ba da su ko yaron na wasansa lafiya lau. In jiki ya yi zafi, a je a gwada jini a ranar, kada a tsaya jiƙe-jiƙe.

Ruwan sha a tafasa ko a sa masa maganin tsarkakewa in daga rijiya yake. In gudawa ta kama yaro kuma babu ƙullin ORS, garin haɗa ruwan gishiri da sukari, a kusa, lita 1 na ruwa mai tsabta, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan ana hanyar asibiti.

Ki zaunar da yaran ki yi musu maganar mayo, wato rafi, da kududdufi da gaske. Mayo Kaliyawo da ke ratsa Marwa yashi ne a rani, yara na ƙwallo a cikinsa, amma ruwan da aka yi a kan duwatsu yana iya isowa da ƙarfi alhali a gari ko ɗigo ba a yi ba. Kududdufi kuma shi ke ba da tsargiya. Yaron da ya ga jini a fitsarinsa ya faɗa, ba abin kunya ba ne, akwai magani.

Masu tafiya wurin kaka, gara su tafi a Yuni kafin hanyoyin ƙauye su yanke. A jakar kowane yaro a sa gidan sauronsa, katin asibitinsa, takalmin roba, da lambar wayarki a rubuce a takarda. Kada a tura su hannu rabbana: sukari, sabulu, ganyen shayi, ɗan man gyaɗar da suka taya fitarwa. Gidan kaka ma damina ce a can. A damƙa su hannun babba da aka sani, kuma a yanke ranar dawowa tun kafin a tashi.

Wani abu da hutu ne kawai ke ba da sararinsa: takardar haihuwa. Yaron da zai shiga ajin ƙarshe na firamare ba zai rubuta CEP ba sai da ita, kuma wanda ba a yi masa tun yana jariri ba sai an bi ta kotu, abin da ke ɗaukar lokaci. Maigida ya fara bin ta tun Yuli.

Mataki na ƙarshe: makon fasa asusu

Mako biyu kafin komawa, masu tafiya su dawo. A fito da kayan makarantar bara a gwada, na wa ya gaje, na wa zai sauka kan ƙane. A kai wa tela tun kafin layi ya yi tsawo, don a makon ƙarshe ko gaisuwa ba ya amsawa da kyau saboda aiki. A fara mayar da barci da wuri, a tashe su da asuba kamar ranar makaranta.

Sannan a shimfiɗa tabarma bayan isha'i, a kira kowa, a ba auta taɓarya ya fasa asusu. A ƙirga tare, a jera jaka-jaka, a ɗauko takardar da aka rubuta a Mayu a ga abin da kuɗin zai rufe. Bara namu ya sayi takalman yara biyu da biro da fensir na kowa. Na ba kowannensu ɗan abin da zai riƙe na kansa, washegari muka tafi kasuwa tare, 'yata na rataye da jakar atamfar da ta ɗinka, ita ta zaɓi takalminta ta kuma miƙa kuɗin da hannunta.